Saifar Matata da Hoton Mai Girma

Jama'a, ranar Talata na kai amaryata asibiti hankalina a tashe. Watan jiya saifarta ta kumbura har santimita goma sha bakwai, likita ya ba ta magani, ya ce in ba ta sauka ba sai tiyata. Ni da ko allura aka yi mata sai na ji a jikina.

Mai ɗaukar hoton ciki ya shafa mata mai, ya ɗora na'ura. Ga saifa nan a gilashin na'urar, kamar jinjirin wata cikin gajimare. Na ce, "Santimita nawa, malam?"

Ya yi gyaran murya, ya nuna kusurwar gilashin. Daidai inda lambar awo ke fitowa, an manna hoton Mai Girma Uban Marasa Lafiya, wanda ya ba da kyautar na'urar, yana murmushi har kunne.

"Lambar tana bayan hularsa," in ji shi.

"To, ɓare mana."

"Ɗan'uwa, 'ya'yana huɗu. Sai kwamiti ya zauna."

"Yaushe?"

"Shugaban kwamitin ya tafi ƙasar waje duba lafiyarsa."

Allah ya ƙara wa shugaba lafiya. Mutum ne mai tausayi, ba ya so ya ƙara mana tsawon layi.

Na fara jawabi kan haƙƙin talaka, har da ƙwalla. Amarya dai tela ce, ba ta da lokacin adabi. Ta ce, "Malam marubuci, ajiye waƙar nan, miƙo min jakata."

Ta zaro baƙin zare. "Waɗannan zane-zanen na gefen gilashi, santimita ne?"

Ya ce ƙwarai. Ya tsayar da hoton, ya nuna mata farkon saifa da ƙarshenta. Tana kishingiɗe ta miƙa zaren a kai, ta datse da haƙori, ta kara shi a jikin zanen.

"Sha uku," in ji ta.

Ya sake gwadawa da kansa, sau biyu. Likita ya leƙo, shi ma ya gwada, ya ce a ci gaba da magani, babu zancen wuƙa. Na zauna daɓas a kan kwandon shara, ina godiya.

Mutum arba'in ke jira a waje, don haka ta bar musu ƙwaryar zaren gaba ɗaya. In kun ji an ƙaddamar da sabuwar na'urar awo a asibitin, ku tafa a hankali. Ragowar zaren ɗinkin wandona ce.