Rasuwar Sankira, Suwic Mai Tsallakar da Shela

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da maƙogwaro mai cike da ƙaiƙayin shinkafa, ni Abdulsamad mai shagon intanet na bakin titin Kura nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar suwic ɗinmu, na'urar da ke haɗa kwamfutocinmu da juna, wanda muke kira Sankira. Ya cika ranar Larabar makon jiya da hantsi, a ƙarshen daminar bana ta 2008, bayan gajeriyar jinya.

Marigayin ya zo mana daga Legas a matsayin na hannu, da tabo a goshi. Unguwa biyu yake riƙe da su: kwamfutocin shagona, da na ofishin injin casar shinkafar Alhaji Hambali da ke tsallaken kwalbati. Kowace safiya kwamfutocin Alhaji sukan farka ba su san lambarsu ba, sai su kwarma shela suna neman mai ba su. Irin wannan shelar, wadda masana ke kira UDP, ba ta jiran amsa, kuma ba ta ƙetare iyakar unguwarsu. Wani suwic ɗin zai ji ya yi kunnen uwar shegu. Marigayin kuwa, tunda aka nuna masa hanya sau ɗaya, yakan ɗauki kukan ya kai wa saba, wato babbar kwamfutar da ke raba lambobi a shagona, ya komo da amsa. Bai taɓa ƙara gishiri a saƙo ba, abin da ba zan iya faɗa a kan yawancin dangina ba.

A kan wannan hidima Alhaji yake ba ni wuta daga janaretansa. Sharaɗin kenan, a gaban shaidu: in akwai intanet, akwai wuta.

Ajalinsa ya zo ne ta hannun yayana Badamasi, manomin rani a Bunkure. Da ya kawo mini ziyara shago, ya wanke irin tumatir, hadari ya hana rana fitowa, sai ya taɓa bayan marigayin ya ji ɗumi. Ya shanya irin a kansa, ya lulluɓe da buhu don kada kaji su shigo su ci, har ya toshe masa ƙofofin shan iska. Marigayin da muka saba ji yana "huuu" cikin natsuwa ya koma "ƙirr, ƙirr". Korayen fitilunsa suka yi ja, ya ce "ƙit", shi kenan. Da na tuhumi Badamasi, cewa ya yi ai bai ga an rubuta a jiki cewa ba a shanya ba. Na yafe masa saboda mahaifiyarmu ta sa baki, amma raina a ɓace yake.

Ya rasu ya bar saba ɗaya, da firinta mai ciwon asma, da marayun kwamfutoci a tsallaken kwalbati waɗanda har yanzu suke shela ba mai ji. Alhaji ya aiko da ta'aziyya, tare da saƙon cewa ya ba ni zuwa Juma'a.

Za a yi jana'iza gobe bayan La'asar, inda Uba ɗan gwangwan zai ɗora gawar a sikeli. Ana karɓar gaisuwa a shago, amma mai zuwa bayan Juma'a ya taho da fitilarsa da mafici. Badamasi ba zai samu halarta ba, yana gona. Ya aiko a gaya mini irin ya tsiro gaba ɗaya, yana kuma tambaya ko magajin marigayin zai kai shi ɗumi.