Yadda Na Ɗora wa Kaina Aikin Sallah

A kamfaninmu na intanet a Keffi muna da al'ada: abokin aikina Emeka yakan riƙe kiran gaggawa da Sallah, ni kuma in riƙe masa da Kirsimeti. Ranar jajibirin Babbar Sallah ya ce in buɗe shafin jadawalin aiki in danna maɓallin musaya kawai.

Na ce, "Haba Emeka, danne-danne ai na 'yan koyo ne." Na buɗe baƙin allon da gwanaye ke rubuta wa kwamfuta umarni, na rattaba nawa ina kaɗa ƙafa, ko duba abin da ya fito ban yi ba.

Washegari ina danne da rago, Baba ya ɗaga wuƙa, sai wayata ta hau kuka: layin intanet na Jigwada ya ɗauke. Ashe sunayen na juya, na cire Emeka na dasa kaina har ƙarshen shekara. Na kira shi, ya ce shi jadawali yake bi, kuma gwani ne ya rubuta. Haka na hau acaɓa da babbar riga.

Har yau, da hutu ya matso sai ya leƙo ofis: "Oga, don Allah buɗe baƙin allon nan, ina son zuwa gida."