Injiniyan da Bai San Kwandon Shara Ba

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka kunna ni a gaban dattawan gidanmu ba. E, kunna ni aka yi, har da sifika.

A gidanmu na Gusau ana ce mini Injiniya, saboda na taɓa gyara rimot (batir kawai na juya). To da kwamfutar Baffa, ƙanin babanmu, ta fara tafiyar kunkuru tana kukan ta cika, ni aka kira. Abin da Baffa bai sani ba, ni na cika ta. Wata biyu na are ta da sunan neman aiki, alhali bidiyon kaina nake ɗauka ina koyon zama mai gabatarwa a wajen biki. Sun fi arba'in. Babbar riga a sama, gajeren wando a ƙasa, ludayi a hannu a matsayin makirfo.

Na shige ɗaki na ce kar a dame ni, aikin na buƙatar natsuwa. Bidiyoyina ba su da suna sai lambobi, don haka duk fayil ɗin da na ga lamba a kansa na haɗa na goge. Wurin ajiyar bai ragu ba ko kaɗan, layin da ke nuna cikarta yana nan jawur. Na ce wa Baffa haka suke yi, sai sun huta kwana uku. Har addu'a ya yi mini.

Ashe cikin masu lambobin akwai muryar Inna, kakarmu. Kafin rasuwarta Baffa ya ɗauke ta tana faɗin iyakar gonarmu ta Kekun Waje, inda tamu ta tsaya da inda ta 'yan uwanmu na can ta fara. Shekara biyu ana ja-in-ja a kan iyakar, har gaisuwa ta fara wuya. Aka sa Asabar za a zauna a gidan dangi a Bungudu, kowa ya yarda abin da Inna ta faɗa shi ke nan.

Falo ya cika. Baffa ya buɗe kwamfuta, aka haɗa sifika, ya duba nan, ya duba can. Babu Inna. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, babu. Wani daga ɓangaren Kekun Waje ya yi gyaran murya irin ta "dama mun sani". Baffa bai yi faɗa ba, juyowa kawai ya yi ya kalle ni. Wallahi gumin da na yi zai shayar da fadama. Na fara bayanin wai wata cuta ce ke yawo a kwamfutoci bana.

Gwaggo ce ta katse ni. Ta zo daga Tsafe, kuma shekarunta talatin tana buga takardu a ofishin gwamnati kafin ta yi ritaya. Ita ce nake tsokana da cewa iliminta ya ƙare tun zamanin tafireta.

"Injiniya, da ka goge, ka zubar da shara?"

Na ce wace shara kuma?

Ta miƙo hannu aka ba ta. Ta danna wani ɗan hoton kwando da ni na ɗauka ado ne, sai ga komai zube a ciki. Ta maido su gaba ɗaya. Da yake duka lambobi ne, ta danna na farko.

Sai ga ni. Ludayi a baki, ƙafafu waje kamar na zalɓe, muryata ta cika falo: "Jama'a a tafa wa uwar amarya! Hajiya taka a hankali, ƙasar ma taki ce!" Har da juyi. Liman ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Mai gyaran muryar nan ya yi dariya har hularsa ta faɗi, Baffa na bubbuga masa baya. Mutanen da suka shekara biyu ba su haɗa ido ba.

Sai da aka kalli uku (na ukun da waƙa) kafin a kai ga Inna. Ta ce daga tsamiya zuwa tsohuwar rijiya, kuma duk wanda ya yi rigima a kai ba da yawunta ba. Nan maganar iyaka ta ƙare, Gwaggo na share ido da gefen mayafi.

A mota na matsa kusa da ita na yi godiya, muryata ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Gode wa Allah da ya yi ka rabin gwani. Da ka iya aikin, da mun rasa tsohuwa."

A ranar ta sa aka kwafe muryar a wuri uku, aka rubuta mata suna. Bidiyoyina kuwa ta hana a goge, wai na zumunci ne.

Yanzu ba na goge abin da ban buɗe na gani ba, kuma na daina tsokanar masu tafireta. Sunan Injiniya ya bi ruwa. Daga Gusau har Kekun Waje, Mai Ludayi ake kira, ni kuma ina amsawa.