Yadda Za Ka Ari Jakin Yayanka Bayan Ka Gama Yi Masa Dariya

Kai mai babur, matso kusa. Na san halin da kake ciki. Fetur ya sake tashi, babur ɗinka ya yi sati uku a jingine cikin zaure, kai ma rabonka da gona tun lokacin. Ga tulin taki a bayan katanga, ga hadari ya fara leƙowa ta gabas, mai a-kori-kura kuma ya faɗi kuɗin ɗauka sai da ka nemi wurin zama. In takin nan bai isa gona kafin ruwan shuka ba, geron bana sai dai ka gani a rumbun maƙwabta, kuma a gidanka Inna take cin tuwo. Abu ɗaya ne zai fitar da kai: jakin yayanka, wanda ka shekara biyu kana yi wa dariya.

Kwantar da hankalinka. Ni Labaran na Tafashiya na ba ka tabbaci, in ka bi matakan nan jaki zai zo hannunka, mutuncinka ko ƙwarzane ba zai yi ba. An gwada su a kan wani abokina, ba ni ba. Yayansa Ɗalha ne, kai sai ka sa sunan naka.

Mataki na 1: Manta abin da ka faɗa

Ranar da ka sayo babur ka tsaya a majalisar mai shayi ka ce zamanin jaki ya wuce, mai hawansa sai dai a yi masa addu'a. Washegari ka lallaɓa bayan jakin Yaya Ɗalha ka danna hon, ya zabura ya watsar da damin kara a tsakiyar hanya, ka wuce kana ƙyaƙyatawa. Duk wannan bai faru ba. In wani ya tuna maka, ka kalle shi da tausayi ka ce, "Allah sarki, tsufa ya fara taɓa ka."

Mataki na 2: Zama masanin tattalin arziki

Kada ka kuskura ka ce ba ka da kuɗin mai. Ra'ayi ka sauya. Je majalisa da hantsi, ka gyara zaman hula, ka ce ka yi nazari mai zurfi ka gano ƙasa ba za ta ci gaba ba sai ta dogara da kanta. Fetur daga nesa ake jawo shi a tanka, tayar babur da fulogi duk daga ƙetare suke zuwa. Jaki fa? A nan aka haife shi, harawar nan yake ci, in ya gama kuma ya ajiye maka taki kyauta. Ko ƙusa ɗaya ba a shigo da ita daga waje ba a jikinsa.

A nan ne Manu, makiyayin nan da ke biyowa shan shayi in ya kora shanu, zai ɗago kai ya ce, "To, babur ɗin hwa?"

Ka ce yana hutawa. Kada ka ƙara ko kalma ɗaya, don Manu ya ga kaji sun fara kwana a kan kujerarsa.

Mataki na 3: Tura matarka

Namiji mai hikima ba ya fara kai fuskarsa. Tura Tani da ƙullin daddawa ta gaida matar Yaya, ta ɗan taɓo zancen jaki kamar ba komai. Za ta dawo ba daddawa ba jaki, ta ce, "Yaya ya ce mai baki ya zo da kanshi." Za ta kuma tsaya tana kallonka da wani murmushi da ba ka so.

To, sai ka je. Durƙusa ka yi gaisuwa mai tsawo, ka tambayi gida, ka tambayi gajiya, ka tambayi zafi, ka sake komawa gida. Sannan ka ce wani bincike kake son yi a kan dabbobin gida.

Zai tauna goronsa ya ce, "Ga shi can a turke, kwance shi gobe. Mangala kuwa, nemi taka."

Ka ga sauƙin da abin ya zo? Ni ma, ina nufin abokina, bai yi zargin komai ba.

Mataki na 4: Ziyarci masana'antar cikin gida

Mangala, in ka manta, ita ce jakar kaba mai aljihu biyu da ake ɗora wa jaki a cika da taki. Kada ka ɓata ƙafarka a kasuwar Kankia. Za ka samu buhun leda, bokitin roba, tocilan kala bakwai, amma mangala sai dai a yi maka kwatance: ƙauyen Kaikai, gidan tsoho Modibbo.

Za ka same shi a gindin darbejiya, kaba zube a gabansa, mutum shida zaune suna jira, kowa da makullin babur a aljihu yana kauce wa idon ɗan'uwansa. Wannan ita ce masana'antar gaba ɗayanta, ma'aikaci ɗaya, haƙora huɗu.

"Shekara goma ba wanda ya tako nan," in ji shi. "'Ya'yana duk sun tahi acaɓa, sun ce saƙa aikin wahala ne. Bana kowa ya tuna ina da rai. Sabuwa sai bayan shuka."

Roƙe shi. In ya ga idonka ya yi ja zai jawo wata tsohuwa mai huda daga bayan rumbu, ya miƙo maka kaba ya ce ka zauna ka toshe da hannunka. Yatsunka za su tsage. In an tambaye ka a gida, ka ce horo ka je na sana'ar hannu.

Mataki na 5: Zaɓi hanyar bayan gari

Da sassafe ka ɗora akumari, wato shimfiɗar bayan jaki, ka ɗora mangala, ka cika ta taf. Nufi hanyar bayan gari inda ba mai ganinka sai tumaki.

Mataki na 6: Saki igiyar, ka riga ka makara

Abin da ba a gaya maka ba, jaki ba shi da sitiyari, hanyar da ya saba kawai ya sani. Shekara takwas Yaya Ɗalha na bi ta majalisa kowace safiya, ya tsaya ya sha shayi, sannan ya wuce. Za ka ja gabas, jaki ya ja yamma, kuma shi zai yi nasara. Zai kai ka har gaban teburin mai shayi, ya kafe ƙafafu huɗu, ya saki kunnuwa.

Majalisa cike. Taki har gashin idonka. Yaya na zaune a kan benci yana hura kofi, ko kallonka bai yi ba. Tura jakin ta baya, lallashe shi, raɗa masa magana a kunne, duk a banza, ba ya ɗagawa sai mai shi ya miƙe. Iska mai sanyi za ta taso, ka ji ƙamshin ruwa. Wallahi a nan za ka ji tsoro na gaske, don ka san kayan farko ke nan cikin arba'in.

Mataki na 7: Faɗi abin

Ba sauran dabara. Cire hula ka ce, "Yaya, na yi kuskure. Ka yi haƙuri."

"Mi ka ce? Kunnen nan nawa ya yi nauyi."

Maimaita da ƙarfi, har mai shayi ya ajiye ludayinsa. Sai Yaya ya shanye sauran shayin a hankali, ya karkaɗe riga, ya miƙe. Jaki zai bi shi, kai ka bi jaki.

Da kun isa gonar da ka yi sati uku ba ka taka ba, za ka tsaya cak. Tsibi-tsibin taki a jere tun daga bakin hanya har gindin gawo, ya bushe, an daɗe da zubawa. Daga jujinsa Yaya ya ɗebo.

"Yaya, kai ka yi wannan? To don Allah mi ya sa ka bar ni na sha wahalar nan duka?"

"Ba don kai na yi ba, Inna za ta ci tuwo," zai ce, yana kwance mangalar. "Wahalar kuwa taka ce, kai ka nome ta. Juye wannan can ƙarshe, akwai wurin da ban kai ba."

Juye. Sannan ka ja jakin ka koma ɗauko na biyu.

Sanarwa

Marubuci ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya, ko harbin jaki, ko tsagewar yatsu, ko sabon sunan da majalisa za ta laƙaba maka. Tabbacin da na bayar a kan mutunci na janye shi. In kuma naka yayan bai kai maka taki ba, kada ka zo ƙofar gidana, ba ni na zaɓa maka shi ba. Wanda ya ce ya ga Labaran yana goge ido a gona ranar nan, ƙurar taki ce, kuma ma abokina ne.