Gaisuwar da Na Kai wa Ya Modu

Lokacin da aka ɗauke layin waya a Maiduguri, dokar hana fita kuma ta rufe gidajen kallo, sakamakon ƙwallon Ingila sai ya kwana kafin ya iso mu. Ni hakan ya yi mini daidai. Ƙungiyata mai jar riga ba ta tsinana komai, su kuwa shuɗayen Ya Modu, maƙwabcin shagona a Gamboru, kofi suke ɗauka kamar gadon gidansu. Dariyarsa kaɗai hana ni cin abinci take yi.

Ran nan ina shagon aski na ga an zura wa shuɗayen ƙwallo uku a talabijin. Da rabin aski na miƙe. Na tattaro 'yan layinmu, na je na durƙusa gabansa.

"Ya Modu, ya haƙuri? Golan nan naku mai sanƙo ya kashe ku."

Ya dube ni, ya dubi kaina.

"Mai sanƙo? Ai tun bara muka sayar muku da shi. Maimaici ka kalla. Jiya mu muka ci."

Har yau in na shigo kasuwa sai wani ya ɗaga murya: "Labaran Bara! Ya aka tashi wasan?"