Ranar da Na Nome Lambun Hukuma

Ranar Talata na yi noman da ba wanda ya sa ni. Gara ku ji daga bakina, don in Mati maƙwabcina ya riga ni, sai ya ƙara abin da ba a yi ba.

Mun shiga gari ne karɓar takin zamanin da aka yi mana alkawari tun kafin shuka. Yanzu gero ya kai gwiwa. Muka tsaya a layi har azahar, sai wani mai tumbi ya leƙo ya ce motar takin tana layin mai. Allah ya saka wa manya, har taki sun koya wa haƙuri.

Motar ƙauyenmu ba ta cika ba, sai Mati ya ce mu leƙa tsohon lambun nan na jikin ofishin hukuma da aka ƙaurace wa tun da aka gina sabo. A rediyo an ce an gyara shi. Ni kuwa ina da haƙƙi a wurin, don mahaifina na cikin waɗanda suka yi wa itatuwan maɗacin da ke cikinsa ban-ruwa da tulu zamanin Turawa.

Itatuwan na nan, sun tsufa da mutuncinsu. Ginin kuwa jemagu ne ke aiki a ciki, su dai ba sa makara. Abin da ya tsaya mini a rai wani fili ne a tsakiya, an kewaye shi da fararen duwatsu, ciyawar ƙiri-ƙiri ta cinye shi kaf. Shekara hamsin ina yaƙi da ciyawar nan a gonata. Ka cire ta yau, jibi ta riga ka zuwa gona.

Fartanyata na kafaɗa, daga maƙera na karɓo ta. Na ce, "Mati, dubi lalaci. Ana ba mutum albashi, ciyawa na cin wuri."

Ya ce, "Malam Dabo, gonarka ce?"

Na ce ba sai tawa ba. Na tuɓe riga na sunkuya. Kafin la'asar na mayar da filin jar ƙasa, na tara ciyawar a gefe, har na ja kunya uku ko za su so gyaɗa. Mati na inuwa yana cin goro.

Sai ga mai gadin wurin, Basiru, ya dawo daga masallaci da buta a hannu. Ya tsaya cak.

"Baba, me ka yi?"

"Aikinka na yi maka, ɗana. Ba sai ka gode ba."

Ya zauna a ƙasa. Wai ciyawar nan shuka ta aka yi. Kwangila ce, a mota aka kawo ta, an ce daga ƙasar waje. Tanka ke zuwa ba ta ruwa, mu da famfon burtsatsenmu ya shekara biyu a mace. Kuma ranar Asabar Mai Girma Sarkin Almakashi, gwanin yanke ƙyalle, zai zo buɗe lambun, a kanta za a ɗau hoto.

"In ya tarar da kunyar gyaɗa, Baba, aikina ya tafi. 'Ya'yana shida."

Na juya in ce a mayar da ita tun ba ta bushe ba, sai na ga awakin unguwa sun gama da tarin. Mati ya ce, "To, su dai sun gode."

Ni ne mai yi wa yaran ƙauyenmu faɗa kan taɓa abin da ba nasu ba. Ni da boko iyakarmu ajin yaƙi da jahilci, amma ban taɓa jin jahilcin ya kama ni kamar ran nan ba.

Laraba da Alhamis ina gona ina haƙo ƙiri-ƙiri da ƙasarsa, a hankali, kamar mai ɗaukar jariri. Muka loda a amalanken Mati. Matata Furera ta tsaya a ƙofar gida ta ce, "Malam, mutane na kai taki gona, kai kana kai ciyawa gari?" Na yi kamar ban ji ba. Sawu biyu muka yi, ni da Basiru muka jera ta, Allah ya taimaka aka yi ruwa Juma'a.

Asabar motoci goma sha biyu suka zo, ba wadda ta kwana a layin mai. Mai Girma ya taka ciyawata, ya sunkuya iyakar yadda tumbi ya yarda, ya shafa ta. Ya ce irin wannan ba ta fitowa a ƙasar nan sai da ilimi. Aka yi tafi. Ni ma na yi, tunda ni ne mai ilimin.

Basiru na nan a bakin aikinsa. Da zan tafi ya damƙa mini goro ya ce, "Baba, in za ka sake kawo ziyara, don Allah bar fartanyar a gida."

Taki dai har yau yana layin mai. Amma na ji ana shirin gyara wasu lambunan, don haka ina sanar da manya: ina da kadada biyu ta ciyawar ƙasar waje, kyauta. Su dai taho da fartanyarsu.