Yadda Ake Gajiyar da Kawu a Kasuwannin Bangkok Har Ya Bar Maka Gadonka

Idan ɗaki ɗaya tak kake haya a Bangkok, kuma wani dattijo daga ƙauyenku ya sauka a wurinka da sunan ya zo asibitin ido, ga ido ya warke tuni amma jakarsa ko motsi ba ta yi ba, to zauna ka karanta wannan a tsanake. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan yadda suke, gadonka zai dawo hannunka. Ba su taɓa ƙin ci ba. Sau ɗaya dai aka taɓa gwada su, amma sun ci.

A kan Prasit aka gwada, ɗan acaban da muke jiran fasinja tare a bakin lungu ɗaya. Baƙonsa Kawu Samran ne, yayan mahaifiyarsa, manomin shinkafa daga Yasothon, wanda ya riƙe shi tun yana rarrafe. Kawu ya hau gado, Prasit ya sauka tabarma, amaryarsa Duang kuwa ta tattara kayanta ta koma wurin yayarta. Ta ce ba fushi take yi ba, ta dai gaji da canza kaya a banɗaki. Kuma yayar ta samo mata aiki a wata masana'anta can Rayong, za a fara bayan bikin watsa ruwa na sabuwar shekarar ƙasar. In ɗakin bai dawo nata ba kafin nan, mota za ta hau.

Mataki na 1: Kada ka kuskura ka ce masa ya tafi

Wannan shi ne tushe. Mutumin da ya goya ka zuwa gona ba a tambayarsa yaushe zai koma. Ko a ido ya gani, kafin azahar duk ƙauye sun ji cewa birni ya lalata ka. Saboda haka ka faɗaɗa murmushi, ka haɗa tafin hannu a ƙirji, ka ce: “Kawu, ai abin kunya ne a ce ka zo har Bangkok ba ka ga kasuwa ba.”

Haka Prasit ya yi. Kawu ya ji daɗi har ya shafa masa kai. Aka ce baƙo raɓa ne. To raɓa ba a kora ta, rana ake haska mata.

Mataki na 2: Fara da zafi

Ka kai shi kasuwar Chatuchak ranar Asabar, lokacin da rana ta take tsaka, rumfunan kwano suna huci kamar murhu. Kada ka ɗauki taswira. Ka shiga layin masu tukwanen fure, ka ɓulla layin masu kifin ado, ka yi kamar ka ɓata, ka sake komawa layin tukwane. Ba sai ka wahala wajen yin kamar ka ɓata ba, kasuwar da kanta za ta taimake ka.

Amma fa kafin ka fita, ka tuna sana'ar baƙonka. Prasit bai tuna ba. Mutumin da ya tsufa yana dashen shinkafa a tsakar rana, zafin Chatuchak wurinsa inuwa ce. Kawu yana gaba da ɗan ƙyallensa a kafaɗa, yana tsayawa gaban kowane kejin zakaran dambe yana tambayar asalin uban zakaran. Prasit yana baya, ƙafa ta fara harɗewa, ido ya fara ganin taurari. Ƙarshe dai Kawu ne ya zaunar da shi a gindin wata bishiya, ya saya masa ruwan kwakwa, ya cusa masa abin shaƙa a hanci, yana yi masa fifita da hula. Ya gaya wa mai kwakwar cewa yaron tun yana ƙarami ba shi da ƙwari, shi ya sa ba ya son barinsa shi kaɗai a birni.

Mataki na 3: In zafi ya ƙi, koma sanyi

Washegari ka nufi manyan kantunan nan na wajen Siam, masu hawa bisa hawa, inda sanyi ke dukan mutum tun daga ƙofa. Tsoho da sanyi ba sa shiri, in ji masana. Ka hau da shi matakala mai tafiya da kanta har ƙololuwa, ku sauko, ku sake hawa. Ka nuna masa takalmin da kuɗinsa ya kai na ɗan maraƙi. Manufa ita ce ya ji a jikinsa cewa nan ba wurin zamansa ba ne.

Kawu ya tuɓe silifas a bakin ƙofa, don a ganinsa daɓe mai sheƙi haka ba a taka shi da takalmi. Da ƙyar Prasit ya lallashe shi ya mayar. Matakala kuwa, sau ɗaya ya yi tangaɗi, na biyu har hannu ya saki. Sai suka iso shagon masu sayar da kujerar tausa, yarinyar shagon ta ce Kaka ya zauna ya gwada. Kaka ya zauna. Kujera ta kama aiki, Kawu ya kama minshari, mutane suka taru suna ɗaukar hoto, har wani ɗan ƙasar waje ya sayi kujera ɗaya saboda yadda ya ga barcin. Daga nan suka gangara ƙasa wajen abinci, inda ake miƙa wa masu wucewa ɗanɗano a tsinken sakace. Kawu ya bi layin daga farko har ƙarshe, ya juyo ya biyo shi ta ɗaya gefen.

A hanyar gida ya tambaya ko kullum ake buɗe wurin, kuma ko da gaske sanyin kyauta ne. Idan baƙonka ya yi maka wannan tambayar, ka yi tari, ka ce ba ka ji ba.

Mataki na 4: Hannunka mai sanda

Yanzu lokacin tsaraba ne. Kowa ya san ba a sayen tsaraba sai tafiya ta matso. Ka kai shi kasuwar Sampeng, lungun nan da in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya shanye ciki, ka ce a saya wa mutanen gida abin taɓawa. Ga sirrin da ba kowa ya sani ba: tsaraba mai lalacewa ake saye. Zani da lema za su yi shekara a ƙarƙashin gado. Amma kayan zaƙi na madarar kwakwa da nunannen mangwaro, su ne za su yi maka maganar da bakinka ya kasa.

Prasit ya cika jakunkuna biyu. Ya ce, “Kawu, waɗannan fa ba sa kwana uku.” Kawu ya gyaɗa kai ya ce gaskiya ne, yaro ya yi tunani. Da yamma ya sa aka kai shi tasha, ya lalubo wani direba jikan maƙwabcinsa, ya damƙa masa jakunkunan da bayanin gidan da za a kai kowace ɗaya. Sannan ya hau bayan babur ya ce su koma gida, yunwa yake ji.

Mataki na 5: Kai wa matarka rahoto, amma kada ka ƙara gishiri

Duang tana sayar da rigar waya a wani ɗan teburi a hawa na huɗu na wani kanti. Prasit ya same ta lokacin hutunta, gabanta farantin kwaɗon gwanda da shinkafa mai danƙo. Ya ce mata aiki na tafiya, tsoho ya kusa karaya. Ta dube shi tun daga sama har ƙasa, ta ce ga wanda ya kusa karaya nan a gabanta, wuya duk ya zuge. Ta tura masa farantin. Ta ce ita ma tana son Kawu, shi ne ya ɗaura musu zaren aure a hannu, kuma ta san tun da matarsa ta rasu ba shi da abokin hira sai rediyo. Sannan ta ajiye cokali.

“Amma Yaya Prasit, kai na aura. An ce in ba da amsa kafin biki, kuma ba zan ce a'a don in ci gaba da kwana a falon yayata ba.”

A irin wannan wuri kada ka yi alkawari. Ka cinye kwaɗon, ka yi godiya, ka tashi.

Mataki na 6: Hana shi barcin safe, amma ka riƙe hannunka

Abin da ya rage shi ne sammako. Ka tashe shi tun gari bai waye ba, ku tafi kasuwar sari ta Pratunam lokacin da ake kwance dilolin kaya. Manomi dai ba a fin shi sammako, wannan ma Prasit ya manta, amma ba nan ne kuskuren ba.

Kuskuren shi ne hannu. Prasit yana tafe yana gyangyaɗi, ya dafa wani tulin wanduna masu zanen giwa, irin waɗanda 'yan yawon buɗe ido ke sawa, don kawai ya huta. Da ya ga mai rumfar na kallonsa, kunya ta sa ya tambayi kuɗinsu. Ita kuwa Goggo Lamyai, mace mai jiki da murya, ba ta yi cinikin fari ba tukuna. Kai ma ka san dokar. Wanda ya fara taya kaya da safe ya tafi bai saya ba, ya tafi da kasuwar ranar gaba ɗaya. Prasit ya fara ja da baya yana cewa tambaya kawai ya yi, Goggo ta fara naɗe hannun riga.

Kawu ya make masa ƙeya. Ya ce wa ya koya masa taɓa kayan mutane da sassafe. Ya kwance bakin ƙyallensa, ya zaro takardar kuɗi, ya sayi wando ɗaya ba tare da neman ragi ba. Goggo ta karɓa ta shiga kakkaɗa takardar a kan kowane tuli tana kiran sa'a. Tana cikin yi ta tsaya, don ta ji harshen Kawu. Ashe garinta da nasa kogi ne kawai a tsakani. Aka jawo wa Kawu kujera, aka aika a sayo shayi, aka shiga lissafin wanda ya mutu da wanda ya yi aure. Prasit ya yi barci a kan dila. Hayaniya ce ta tashe shi: wata doguwar mota ta sauke baƙi, sun yi wa rumfar tsinke, kafin hantsi ko wandon da aka rataya don talla bai tsira ba.

Mataki na 7: Daga nan ba ruwanka, ka zuba ido

Washegari Goggo ta aiko a kawo mata dattijon nan mai ƙashin arziki. Jibi mai sayar da jakunkuna ta gefenta ta ce ita ma ya yi mata cinikin fari. Kafin mako ya zagayo, duk layin ba mai buɗe ciniki sai Kawu ya wuce. Da aljihunsa ya fara kuka, sai suka riƙa ba shi kuɗin tun da yamma, ya kwana da su, da safe ya zo ya saya da su, su karɓi abinsu su kaɗa. Mai sayar da huluna ya ce wannan ai yaudarar sa'a ce, ba za ta yarda ba. Goggo ta ce in dai kuɗi ya kwana a aljihun mutum, ya zama nasa, kuma wanda bai yarda ba ya daina kiran Kawu. Bai daina ba.

Ana saura kaɗan biki, Prasit ya dawo daga aiki ya tarar da jakar Kawu a ɗaure a bakin ƙofa, an kakkaɓe gado an ja zanin. Ya tambaya ko mota zai nema masa ta Yasothon. Kawu ya ce wace Yasothon, akwai ɗaki a saman rumfar Lamyai, kuma mai aiki irin nasa bai kamata ya yi nisa da bakin aiki ba. Ya saɓa jaka, ya tsaya.

“A ƙauye, ɗan nan, in na tashi da safe ba mai jirana. Nan kuwa layi guda ne. Je ka ɗauko matarka, kar ta wuce.”

Prasit ya samu Duang tana ninke kaya. Ta tambaya ko ya tafi, ya ce ya tafi. Ta ce ƙauye? Ya ce Pratunam. Ta yi dariya har ta zauna a kan akwatin, sannan ta miƙa masa shi ya ɗaure a bayan babur.

Mataki na 8: Ka nemi inda za ka riƙa zuba wanduna

Wannan matakin ban so in faɗa ba, amma gaskiya ɗaya ce. Bayan biki Kawu ya tashi daga gaban rumfa ya koma bayanta, kusa da Goggo, har an fara maganar kiran malaman haikali su sa albarka. To mutumin gida ba ya cinikin fari a rumfar gidansu, kowa ya san wannan. Aka zauna aka duba, aka ga sa'a a jini take, kuma a duk Bangkok mutum ɗaya ne ke da jinin Kawu. Shi kuma ba a ba shi kuɗi ya kwana da su, don Goggo ta ce a kan yaro ba ta tabbatar dabarar za ta ci ba.

Yanzu kullum kafin gari ya waye Prasit yana Pratunam yana sayen wandon giwa. Duang ta yi labule da su, ta yi rigar filo, ta yi tsumman goge babur. Mu ma 'yan acaban bakin lungu kowa yana da uku uku.

Sanarwa

Gado aka yi maka alkawari, kuma gado ya dawo. Barcin da za ka yi a kansa ba ya cikin yarjejeniya. Duk wanda ya bi matakan nan ya suma a Chatuchak, ko kawunsa ya yi aure, ko ɗakinsa ya cika da giwaye, to shi da ƙafarsa ya je, kada a neme ni a bakin lungu. Wanda kuma yake son wando, ya nemi Prasit da hantsi, amma ya taɓa shi a hankali, yana kan babur yana barci.